Injin yankan ciyawa a hawa na uku

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Iddrisu, kuma har yau in aka ambaci sunansa cikin 'yan Ghana da ke unguwar International City a Dubai, abin da ake fara tunawa shi ne injin yankan ciyawa. Wai tsoho ne da talla ta juya wa kai: yana zaune a bene hawa na uku, a garin da ko tsiro ba ya fitowa sai an ja masa tiyo, ya je ya sayo inji ya jingine a baranda. A zaman makokinsa ma sai da aka yi wannan dariyar ƙasa-ƙasa bayan an shafa fatiha. Ban ji haushi ba, na san da ƙauna ake yin ta. Amma ba haka maganar take ba, kuma na gaji da yin shiru.

Mu 'yan zangon Kumasi ne. Baba direba ne a wani kamfanin kayan gini da ke Ras Al Khor. Ni da yayana Awal daga baya muka biyo shi, kowa da bizar aikinsa: Awal a shagon kayan gyaran mota, ni kuma ina sayar da labule a babbar kasuwar 'yan China da ke gefen unguwarmu. Ɗaki ɗaya da falo muka kama. Ni ɗaki, su falo. Tunda talabijin a falo take, falon kuma ɗakin Baba ne, to rimot nasa ne, babu wanda ya taɓa kawo gardama a kan wannan.

Baba ba kallon labarai yake yi ba, hira yake yi da su. In mai karanta labarai ta yi gaisuwa sai ya amsa mata. In ta fara, sai ya ce, "Yarinya, jiya ma haka kika ce." In an nuno manya suna musabaha sai ya ce a duba idanunsu, a bar hannuwan. Yana jin an fara maimaita abin da aka faɗa tun safe, sai ya kashe murya ya bar bakuna na motsi. Amma da an shiga talla sai ya ƙaro ta. Na taɓa tambayarsa dalili, don ni talla ba ta ɗauke ni minti ɗaya nake tashi. Ya ce mai talla ya fi gaskiya, tunda shi ya fito fili ya faɗi abin da yake so a wurinka. Mai labarai kuwa sai ka kwana ba ka san me ya sayar maka ba.

Abu ɗaya ne ba a yi masa magana a lokacinsa: hasashen yanayi. In tashar waje ta nuno taswirar Afirka, sai ya matso gaban gilashin ya ɗora yatsa a kan Ghana. In ya ga launin ruwan sama ya rufe wurin, sai ya ce, "Ana ruwa a gida." Mutane sun ɗauka kewar gida ce kawai. Ni ma da farko haka na ɗauka.

Akwai wata tasha da ba ta da aiki sai sayar da kaya, dare da rana. A nan ya haɗu da injunan yankan ciyawa. Ana nuno wani Bature da gajeren wando yana tura inji a kan fili sumul kamar darduma, kare na binsa, matarsa na ɗaga masa hannu daga taga. Baba ya ce, "Wannan ciyawar ma me ta yi masa? Ko ƙaurinsa ba ta kai ba." Duk da haka bai canza tasha ba. Daga shekarar 2009, bayan ya dawo hutu daga gida, har kusan shekara biyu, Baba na zaɓen inji. Na lantarki ya fara korewa, ya ce wanda ya san wutar Kumasi ba zai sayi abin da ke jan waya a bayansa ba. Na turawa mai taya huɗu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce sai ƙasa mai laushi da daidaito. Na hawa kuwa, wanda ake zama a kansa kamar ƙaramar tarakta, da aka nuno shi ɓata rai ya yi, ya ce Allah ya kiyaye.

Maƙwabcinmu Injiniya Kabiru, ɗan Kano, yakan shigo shan shayi ranar Juma'a da yamma, kuma ba ya zama sai ya tsokane shi.

"Malam Iddi, yau wanne muka saya? Na hawan nan nake ba ka shawara, ka riƙa zuwa masallaci da shi."

"Injiniya, sha shayinka. Kai da ka sayi injin motsa jiki kake shanya tawul a kai."

Ni ba ni da haƙurin Injiniya. Na ce Baba ko dai ka saya ko ka bar mu mu ga fim. Sai wata Asabar ya ce in shirya in raka shi, tunda Turancina ya fi nasa sauri. Muka shiga motar kamfani zuwa wani shago a Ras Al Khor, tsakanin masu kayan mota da masu walda. Baba ya wuce duk masu taya, bai ko kalle su ba. Ya tsaya gaban wani mai dogon ƙarfe, wanda ake ratayawa a kafaɗa ana lilo da bakinsa hagu da dama, mai shan fetur. Wannan ba a taɓa nuno shi a tallar Baturen ba. Ya rataya, ya gwada nauyinsa, ya sunkuya da shi kamar mai zagaya wani abu a ƙasa. Mai shagon ya ce in gaya masa wannan ƙara gare shi, maƙwabta za su yi ƙorafi. Baba ya ce maƙwabtan wurin ba sa ƙorafi. Mai shagon ya tambayi girman lambun. Baba ya ce mini da Hausa, "Ce masa rabin unguwarmu na ciki."

A hanyar dawowa, da dogon kwalin a bayan mota, ya gaya mini. Mahaifiyarmu, Mma Salamatu, ta rasu yana Dubai, kafin ya iso an rufe ta. Da ya je aka nuna masa kabarin, ya kafa guntun ƙarfe a wajen kai. A hutun 2009 ya koma cikin damina, ya shiga maƙabarta, ya tarar ciyawa ta kai masa ƙirji. Samarin unguwa kan yi aikin gayya da adduna sau ɗaya kafin azumi, amma tun da maciji ya sari ɗaya daga cikinsu, hannu ya yi sanyi. Baba ya yi ta kutsawa yana laluben ƙarfensa har rigarsa ta jiƙe, bai gan shi ba. Ƙarshe ya tsaya a tsakiyar ciyawa ya yi addu'a bai san ina zai fuskanta ba.

"Memuna, duk zamanmu ban taɓa ɓatar da uwarku a kasuwar Kumasi ba, da duk cunkosonta. Sai ga shi na ɓatar da ita a ciyawa."

Daga nan na gane komai: yatsan da ke kan taswira, da ƙin mai taya da zai riƙa hawa kan kaburbura, da ɓata ran da ya yi wa na zama. Na ce to me ya hana ka faɗa, ka bari ana yi maka dariya? Ya ce in mutane suka ji za su fara yi masa Allah ya saka da alheri tun bai yanke ko kara ɗaya ba, gara dariyar, ita ba ta rage lada. Ya ce kada in gaya wa Awal, don bakin Awal rediyo ne. Niyyarsa in ya ajiye aiki ya tafi da injin da kansa, ya fara yankan farko da hannunsa, sannan ya miƙa wa samari. Bai kai ba. Hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki bayan 'yan watanni, cikin 2011. A nan Dubai aka rufe shi. Ko ɗigon fetur injin bai taɓa sha ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yanzu. Talabijin ɗin tana nan, amma kusan ba a kunna ta. Awal a waya yake ganin labarai, kansa a sunkuye, ba ya amsa wa kowa gaisuwa. Bana babu abin da ake faɗa game da Ghana sai ɗauke wuta, kuma na san da Baba na nan da ya juyo ya kalli Injiniya ya ce, "Ina masu na lantarki?" Da ya yi mako yana jin daɗin wannan. Kwanaki na ga tallar wani inji da ke yawo shi kaɗai a kan ciyawa, babu mai tura shi. Na tsaya na kalla har ƙarshe, ni da ba na kallon talla. Ina jin da ya ce abin da ba ya sanin inda ƙafarsa ke takawa ba zai shiga wurin mutanensa ba. Awal kan je kabarinsa, ya ce wurin fes yake, yashi ne da duwatsu, daga nesa kana hango naka. Mutumin da ciyawa ta hana barci, ga shi kwance inda ba ta fitowa. Wani lokaci abin na ba ni dariya, wani lokaci ba ya ba ni.

Za a ce to shekara huɗu me nake jira. Amsar ba ta da tsawo. Ina son ganin kwalin. In na fita shanya sai na zagaye shi, in yi tsaki kamar yadda nake yi yana raye, sai in ji kamar yana falo ya kashe muryar labarai. Na bar wa kaina shi, ina cewa sai baɗi.

Baɗin ta ƙare a watan jiya. Awal zai yi aure, amarya na zuwa, zan koma wurin wata ƙawata, kuma yana so a share baranda. Na dawo daga aiki na tarar ya jawo kwalin yana ɗaukarsa hoto zai sa a kasuwar intanet.

"Yaya, ajiye wayar nan."

"Memuna, khalas mana, ya isa haka. Tsoho ya yi wasansa ya tafi. Mu ci gaba da ajiyar shirme?"

Na san Baba ya ce kada in faɗa. Na kuma san in na yi shiru, kafin Juma'a injin na hannun wani mai lambu a Jumeirah yana gyara gefen furanni. Na zaɓa. Na gaya masa duka, a tsaye, ban ko cire takalmi ba. Awal ya zauna a kan kwalin. Da ya buɗe baki, cewa ya yi irin wannan injin wuƙarsa na saurin dakushewa in ƙasa na da duwatsu, zai nemo na canji a Ras Al Khor a haɗa. Kafin gari ya waye rabin unguwa sun ji. Baba bai yi ƙarya a kan rediyon ba. Injiniya Kabiru ya zo har ƙofa, bai shigo ba, bai yi tsokana ba, ya ce in an tashi kai kayan a kira shi, motarsa na da faɗi.

Shi ya sa na rubuta wannan. Tunda maganar ta fita, gara ta fita daidai. Ladan da yake tsoron a rage masa, ina roƙon Allah ya cika masa shi, tunda yanzu ba ya nan balle ya ji yabon. Baba bai bar mana gida ba, bai bar mana fili ba. Abin da ya bari shi ne wannan taurin kan: ya yi shekara biyu ana masa dariya don kada ya sayi abin da zai taka kabarin wani. Har yau in na ga taswirar yanayi, idona Ghana yake fara zuwa.

Ranar Juma'ar nan za mu kai kwalin unguwar Deira wurin masu kago, masu aika kaya ta jirgin ruwa, da sunan ƙanin Mma, Kawu Issaka, a jikinsa. Na yi magana da shi, ya ce samari na nan. Na nemi hutuna ya faɗo cikin damina, lokacin da jirgin ruwa zai isa. A unguwarmu ta Kumasi mata ba sa shiga maƙabarta, ban taɓa ganin kabarin mahaifiyata ba, kuma ba zan je in yi rigima a kan wannan ba. Zan tsaya a bakin ƙofa ta waje. Mai shago ya ce injin ƙara gare shi. Daga nan zan ji, kuma ba zan tafi ba sai Kawu ya fito ya ce mini an ga guntun ƙarfen.