Tsarin da Habsu Ta Bar Mana a Manhajar Sakin Gonaki

A kakar bana aka cika shekara biyar da rasuwar Habsu, ɗiyar gwaggona kuma taubashiyata. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan zauna in rubuta wani abu a kanta, sai in ga ba abin da ke fitowa sai baƙin ciki, in ajiye alƙalami. Bana kuwa da murna na zo, bakina ya ƙi rufuwa, kuma ita ce sanadi.

Mutumin karkara ya san sakin gonaki. Idan an gama girbi akan sa rana, makiyaya su shigo da dabbobinsu su ci kara da harawa, su bar wa manomi taki. Kafin wannan rana, saniya ta taka gona rigima ce, wani lokaci har a zubar da jini. Sau da yawa kuma ba mugunta ba ce. Makiyayi ya ji a kasuwa cewa an saki, ya koro shanu, ashe garin da ya nufa ba su gama kwashe amfani ba. Da ni da Habsu muka gama karatun kwamfuta a Maradi muka dawo Gidan Rumji, sai muka ce bari mu yi manhajar waya da za ta faɗa wa kowa, da murya, wane gari aka saki, wane ne ba a saki ba.

Ni na fara rubuta ta, cikin sati biyu, ina ta hura hanci. Komai na zuba shi a fishiye guda, wato fayil ɗaya na kwamfuta: maɓallai, launuka, sunayen garuruwa, hanyar aika saƙo. Ranar sakin da hukuma ta sanar kuwa na bi na rubuta ta da hannu duk inda ake buƙatarta. Ni ɗan cikin gari ne, a rediyo nake jin ranar, na ɗauka ita ke nan. Habsu a ƙauyen babanta ta tashi, wajen Sae Sabuwa, ruga na bayan gidansu. Ta san ranar rediyo mafari ce kawai. Ranar gaskiya ita ce wadda mai gari da ardon makiyaya suka zauna suka amince da ita, bayan sun duba wanda bai gama ba.

Ta karanta aikina, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, “Isuhu, wanga ai ba manhaja ba ce, ɗakin gwauro ne. Tukunya bisa gado, takalmi cikin kwano.”

Kusan wata biyu ta tsare ni muna rarraba kayan. Ta buɗe dosiye, wato jakar da ake tara fishiye a ciki, ta kira shi fuska, ta zuba duk abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji, ta ce wannan ba shi da ikon yanke komai, nunawa kawai yake yi. Wani ta kira shi rumbu, nan ake ajiye bayanai cikin wayar, saboda a daji ba reso, wato sabis ɗin waya, sai an samu ya aika. Tsakaninsu ta kafa na uku mai suna ƙa'ida, kuma nan hankalinta ya fi zama. Nan kaɗai ake yanke cewa an saki ko ba a saki ba, kowane gari da ɗan fishiyensa, kowace doka da gwajinta: idan mai gari ya ce e, ardo bai ce ba, to ja ne, wato ba a saki ba, kada ya kuskura ya zama kore. Fuska ba ta leƙa rumbu kai tsaye, sai ta bi ta ƙa'ida.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Wata biyu muna wahala, ka ɗauki wayar ka ga kamar jiya, ba abin da ya ƙaru. Wata rana na yi wayo, na haɗa fuska da rumbu ta bayan fage don in huta da zagaye. Ta gani. Ta goge, ta bar mini layi guda a wurin: “Ba ta nan ake shiga ba.”

Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke ta, manhajar na shekara ta uku. Tun daga nan nake riƙe da aikin a tsorace, ina gyara abin da ya zama dole, ina kauce wa dosiyen ƙa'ida kamar ba nawa ba.

Bana sai ga kira daga Malam Idi, malamin lakol, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Cadawa. Manoma da makiyayan wajen ne suka wakilta shi, suna son manhajar, saura kwana tara a saki gonaki. Na ce to tun bai rufe baki ba. Sannan ya yi mini bayani. Su sau biyu suke saki. Gonakin gero tukuna, sannan gamana, wato ƙananan gonakin mata inda wake ke daɗewa bai bushe ba, sai bayan kamar sati biyu. Manhajarmu kuwa, a sanina, ja ko kore ta sani ga gari ɗungurungum. In ta ce kore, shanu sun afka wa waken mata da izinina. In ta ce ja, makiyayi na kallon gonar gero fayau, zai jefa wayar aljihu ya bi idonsa.

Na buɗe ƙa'ida na karanta ta daga farko, abin da rabona da yi tun tana raye. Jama'a, ashe Habsu ba ga gari ta ɗaura hukuncin ba! Ga yankin gona ta ɗaura shi, gari kuwa jerin yankuna ne, sai dai namu kowanne yanki guda muka sa masa. Ba ta taɓa jin al'adar wancan ƙauyen ba, amma ta san mutane ba sa yin abu iri ɗaya, ta bar wuri. Na rubuta sabon fishiye mai yanki biyu, na yi masa gwaje-gwajensa. Rumbu ban taɓa shi ba. Fuska da kanta ta jera layi biyu, murya kawai muka naɗa sabuwa da Hausa da Fillanci. Kwana uku aikin ya ci. Da na kunna tsofaffin gwaje-gwajenta suka wuce duka, na yi ihu a buro, ɗan ofishina, har maƙwabcina tela ya leƙo.

Da tana nan me za ta ce? Na san za ta ji daɗin ganin waya a hannun matan ƙauye da tsofaffin ruga, abin da a lokacinta sai an nema. Na kuma san murnar ba za ta hana ta duba sunan da na sa wa fishiyen ba, “sabo na ƙarshe na gaske”, ta tambaye ni ko haka zan raɗa wa ɗana suna. Na riga na canza shi.

Ranar sakin farko na hau moto na tafi. Na ga wani dattijon makiyayi, Bello, ya kanga wayar a kunne ya saurara, ya koro shanunsa cikin karan gero. Da suka kai bakin gamana sai ya sha gabansu da sanda ya juya su. Mata na ciki suna tsintar wake, ko miƙewa ba su yi ba. Wata tsohuwa, Inna Dije, ta tambayi Malam Idi ko ni ne mai abin wayar, ta yafito ni.

“Kai ka yi ta, ɗana?”

Na ce, “Ni da 'yar'uwata, Inna. Ita ce mai aikin.”

Ta auno wake tiya guda ta ƙulle a tsumma. “To ka kai mata wanga. Ka ce mata bara ɗanye na tsige shi ina gudu, bana kau zaune nike tsintar abuna.”

Na kasa gaya mata cewa Habsu ta rasu. Na karɓa da hannu biyu na ce zan kai gida.

Ba wanda ya san sunan Habsu a ƙauyen nan, kuma ba ya ko'ina a fuskar manhajar. Abin da ya saura nata ba ya ganuwa: tsarin da ya sa mai gaggawa irina ya iya yin daidai bayan ba ta, cikin kwana uku. Allah ya jiƙan ki, taubashiya, ya sa aikin nan ya riƙa isa gare ki.

Waken na kai wa Gwaggo, na faɗa mata saƙon kamar yadda aka ba ni. Ta daɗe tana juya ƙwayoyin a tafin hannunta. Sannan ta ce kada kowa ya dafa shi, da damina za ta shuka.