Kifin da Kawu Ya Mayar Ruwa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, masunci ne kafin ya zama mai wanke tukwane a Paris. A bakin tafkin Madarunfa aka haife shi, gidansu kuwa ba su san wata sana'a ba sai su. Da ruwa ya ja baya shekaru a jere, kifi ya yi wuya, sai ya kama hanya. Lokacin da na zo karatu Lyon, ya daɗe da zama a foyer ɗin Montreuil da ke gefen Paris, gidan nan na ma'aikata baƙi, su uku a ɗaki ɗaya.

Duk hutu nakan hau jirgin ƙasa in je gaishe shi. A gidan abincin da yake aiki, shi ake tura wa gyaran kifi, don babu mai saurin wuƙarsa. Kullum hannunsa da ƙarni, ko ya wanke da lemon tsami.

"Shekara da shekaru ina taɓa kihi," ya ce mini wata rana, "amma ban taɓa mai rai ba ko guda."

Ya faɗa yana dariya, ni ma na yi dariya. Ban gane kuka yake yi ba sai daga baya.

Akwai al'adar gidansu da yake yawan ba ni labari. In masunci ya daɗe bai shiga ruwa ba, saboda ciwo ko tafiya, kifin farko da ya kama ba ya sayarwa, ba ya ci shi kaɗai. Dafawa ake yi a kira maƙwabta, kowa ya sa hannu, a shaida cewa wane ya dawo. Kawu ya ci tuwon mutanen foyer shekaru masu yawa, ya sha shayinsu, sun yi jinyarsa, amma bai taɓa ciyar da su da abin da hannunsa ya kamo ba. Wannan abu yana cin ransa.

Bayan ya bar aiki sai ciwon huhu ya kama shi. A lokacin na gama karatu, ina aiki a wani ɗakin bincike, ina zaune a Vénissieux, gefen Lyon. Wani abokin aikina Bature ya ba ni labarin masu jirgin ruwa a yankin Bretagne da ke fita da mutane kamun kifi cikin wani lungun teku, inda ruwa ba ya hauka, su ba ka sandar fatsa su kai ka inda kifi yake. Nan take na ce wannan na Kawu ne. Na shiga shafin intanet na wani mai jirgi na kama mana rana.

A ƙasan shafin an rubuta cewa duk kifin da aka kama a jirginsa mayar da shi ake yi ruwa da ransa. Na gani, na karanta, na fahimta sarai. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ya shige mini ba. Abin da na ce a raina shi ne, in mun je zan roƙe shi. Dattijo ne, ba shi da lafiya, kifi ɗaya tak. A wurinmu wa zai ga furfura ya ƙi sassautawa? Shekara goma ina ƙasar nan, da digirina da komai, amma har ranar ina zaton kowace ƙa'ida tana da ƙofar baya da "don Allah" ke buɗewa. Don haka ban gaya wa Kawu komai ba.

Da na iso Montreuil ɗaukarsa, na tarar gari ya gama ji. Ya sayi akwatin ƙanƙara, shuɗi, babba. Ya aike ni tun daga Lyon in sayo yaji da daddawa a unguwar La Guillotière, wai na can ya fi. An aro babbar tukunya daga kicin ɗin ƙasa. Tsofaffi suna ta tsokanarsa a tsakar gida.

"Malam, ka dai kawo muna mai tsoka, ba mu son ƙaya."

"Ku dai wanke hannuwanku," in ji shi.

Ina tsaye ina jin su. Na ɗauki akwatin, muka kama hanya.

Mai jirgin mutum ne mai kirki, wannan ba zan hana shi ba. Shi ya ɗaura wa Kawu rigar ceto da hannunsa, ya yi mana bayanin cewa sai ruwa ya fara cikowa kifi ke biyo shi. Kawu ya daɗe yana kallon jiragen da ke kwance cikin laka, ruwa ya tafi ya bar su. Ya ce shi dai ruwan da ya sani in ya tafi sai baɗi, wannan kuwa kafin azahar ya dawo. Da aka miƙo masa ɗan kifin roba a bakin ƙugiya, ya juya shi, ya shinshina.

"Kihin garin nan ba shi da wayo kenan," ya ce da ni.

Mun fi awa biyu babu abin da ya taɓa. Ni tuni jiri ya kwantar da ni. Kawu kuwa ya ƙi yarda da wurin da aka tsaya. Ya nuna wani gefe kusa da duwatsu, inda ruwa ke ɗan murɗawa, ya ce in gaya wa mutumin a matsa can. Mai jirgin ya dube shi, ya dubi ruwan, ya tayar da inji.

Jifa na uku sandar ta lanƙwashe. Ban taɓa ganin Kawu haka ba. Tarin da yake ta yi ya tsaya, ƙafafunsa suka kafu, yana saki yana ja, yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro. Da aka ɗago shi, fari ne sol, yana walƙiya, ya kai tsawon hannuna daga kafaɗa. Faransawa suna kiransa bar. Kawu ya rungume shi a ƙirji yana faɗin Alhamdulillahi, ya ce in buɗe akwati.

Mai jirgin ya ɗauki hoto, ya auna kifin, sannan ya ce to, a mayar da shi da sauri kada ya galabaita.

Na roƙe shi. Na ce dattijo ne, na ce ba shi da lafiya, na ce akwai mutane suna jira. Har muryata ta tashi, na faɗi maganganun da nake jin kunyarsu yau. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji tausayi ƙwarai, amma haka yake aiki da kowa, kuma na sani tun kafin mu zo. Kawu yana jin Faransanci daidai gwargwado. Maganar ƙarshen nan ita ya kama.

"Ka sani?" ya tambaye ni.

Na sunkuyar da kai.

Kawu ya durƙusa a gefen jirgi, ya sa kifin cikin ruwa, ya riƙe shi ta ciki da tafin hannu har ya farfaɗo. Sannan ya buɗe hannunsa.

A tasha na ce mu biya kasuwa mu sayi irinsa, babu wanda zai gane. Ya dube ni irin duban da ban manta ba.

"In kira mutane in ba su kihin kasuwa in ce na hannuna ne? Ɗana, ashe ba ka ji labarin da ni ke ba ka ba."

Haka muka koma da akwatin babu komai, shi da kansa ya riƙe shi a metro, jirgin ƙasan cikin gari, har Montreuil. Ya gaya musu gaskiya: ya kama babba, aka ce ya mayar, ya mayar. Dariya suka yi har da riƙe ciki. Wa ya taɓa jin masunci ya kama kifi ya saki? Daga ranar, duk wanda ya wuce shi sai ya tambayi lafiyar kifin. Ba da mugunta suke yi ba, amma babu wanda ya yarda. Na ce na gani da idona, suka ce ai ɗa ba zai ƙaryata kawunsa ba.

Bayan mako guda mai jirgin ya turo mini hoton. Kawu ya kira ni sau biyu a waya.

"Lahiya lau? Hoton nan fa, ka wanko mini shi babba."

Na ce to. Aiki ya yi yawa, na ce sai hutu. Gaskiyar magana, kunyar haɗa ido da shi nake ji, shi ya sa na yi ta ɗagawa. Kafin hutun ya zo, aka bugo mini daga foyer cewa Allah Ya yi masa rasuwa.

Ranar sadakar uku na kai hoton. An shimfiɗa tabarmi a ɗakin salla, an gama addu'a, na miƙa wa wanda ke kusa da ni. Ya yi ta zagayawa hannu zuwa hannu. Kawu ne cikin jar rigar ceto, hularsa ta karkace, ya rungume kifin, bakinsa har kunne. Da ya isa hannun tsohon da suka yi shekaru ɗaki ɗaya, wanda ya fi kowa tsokanarsa, ya kai shi kusa da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Ashe gaskiya ya ke hwaɗi," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Tun yaushe hoton nan ke wurinka?"

Na ce wata huɗu.