Lazhar da Karyarsa Mai Dogon Kunne

A duwatsun Ain Draham babu maharbin da bai san Lazhar ɗan Balƙasim ba. Da rani sana'arsa ɓare ɓawon itatuwan nan da ake yin murfin kwalba da shi. In sanyi ya shigo, Turawa suka fara isowa da bindigoginsu don harbin aladen daji, sai ya shiga cikin masu kora. Su ne ke kutsa kurmi suna ihu suna buga gwangwani, su turo dabbar inda maharba ke laɓe. Naman ba ya shiga tukunyar kowa a ƙauyen, amma manoma na sa wa aikin albarka, don alade ɗaya ya isa ya tone gonar dankali ya bar mai ita da tagumi.

Shekarar da furfura ta fara leƙo masa a gemu, wani maharbi ya sami wani ƙaton alade a cinya, dabbar ta faɗa sarƙaƙiya da harsashi a jiki. Masu kora suka bi jini har ya ɓace musu a bakin rafi, suka haƙura suka dawo. Ba a jima ba ƙanwar Lazhar, Mabruka, ta tafi itace. Aladen ya fito mata daga ƙarƙashin wani dutse ya tsarge mata ƙafa da haure. Lazhar ne ya goyo ta har bakin titi. Ta rayu, amma tun daga ranar da sanda take tafiya.

Da ya dawo daga asibiti, matarsa Shadliya ta ajiye masa kuskus, ya dubi kwanon ya ce, "Kare zan nemo. Mai hanci, wanda in jini ya ɓace wa ido shi ba zai ɓace masa ba."

"Kare a gidan nan?" in ji ta. "To, Maigida, ka ji sharaɗina. Ba zai taka inda nake salla ba, ba zai taɓa mini kaji ba, kuma baƙona ba zai tsaya a ƙofa yana makyarkyata ba."

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya kori farin karen makiyaya da wani maƙwabci ya so ba shi, don irinsu ko mai gidan ne ya sauya riga sai sun yage masa wando.

Labari ya kai wa Tijani, yayan Shadliya, can kudu bakin sahara. Sai ga shi a mota da sulugi, karen nan siriri mai dogayen ƙafafu da mutanen kudu ke tinƙaho da shi. Lazhar bai taɓa ganin halitta mai kyan tsayuwa irinsa ba. Da ya ratsa kasuwa da shi, har masu shayi suka miƙe suna kallo, shi kuwa ƙirjinsa kamar ya fashe don daɗi. Amma da suka shiga kurmi sai magana ta canza. Sulugi da ido yake farauta, kurmin kuwa ba a ganin gaba sai abin da hannu zai taɓa. Lazhar ya ɗiga jinin kaza a kan ganye, karen ko sunkuyar da kai bai yi ba. Ƙaya ta yayyage masa ƙafa, dusar ƙanƙara ta sa shi rawar ɗari.

Mayar wa suruki kyauta ba ƙaramin abu ba ne. Lazhar ya bari sai da Tijani ya sha shayi na biyu, sannan ya ce, "Yaya, karenka basarake ne. In na riƙe shi a nan na zalunce shi. Fili yake so."

Tijani ya ɓata rai, ya dubi ƙafafun karen da aka ɗaure da tsumma, ya numfasa. "Dama na san ku mutanen dutse ba ku san darajar gudu ba. Nemo kunkuru ya raka ka."

A wannan sanyin ne karyar wani tsohon maharbi ɗan Italiya ta haihu a masaukin baƙi. Ja ce, mai kunnuwa har ƙasa da fuska kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Tsohon ya ce Lazhar ya zaɓi ɗaya. Lazhar bai zaɓa da ido ba. Ya samo guntun fata mai jini ya ja shi a ƙasa, ya zagaya tarin itacen girki ya ɓoye shi a bayan randa, sannan aka saki 'yan kwikwiyon. Manyan suka hau kokawa da igiyar takalminsa. Wata 'yar ƙarama mai sanyin jiki ta kafa hanci a ƙasa, tana tafe tana taka kunnenta tana faɗuwa, har ta isa bayan randar. Ta zauna a kan fatar ta ɗago kai tana kallonsa. Ya sa ta cikin rigarsa ta ulu ya nufi gida.

Shadliya ta leƙa cikin rigar ta ce, "Wannan ce ta fi sulugin Yaya? To ai na huta da shara, kunnuwan nan sun isa." 'Yarsu Naziha ce ta raɗa mata suna Luza.

A wurin shan shayi an sha dariya. Wani cikin masu kora, Munji, kullum sai ya tambaya, "Ina amaryar taka, Lazhar? Ta iso daga jiya, ko tana hanya?" Lazhar sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Tana gaishe ka." Duk safiya kafin ya tafi aiki yana jan fata a daji, yau kusa, gobe nesa, wata rana ya tsallaka rafi da ita. Ya koya mata tafiya a doguwar igiya, ya koya mata ta bar sawun lafiyayyar dabba ta bi na mai rauni kaɗai.

Ranar da aka daina dariya ta zo a sanyin da Luza ta cika girma. Wani baƙo ya harbi alade da hantsi, ya same shi a ciki, aladen ya gudu. Ruwan sama ya sauko ya wanke jinin tas. Munji ya ce a tafi, ai zai mutu da kansa. Lazhar ya dubi gangaren da dabbar ta bi. A ƙasansa akwai marmaron da matan ƙauye ke ɗiban ruwa da la'asar.

"Ba inda za ni," ya ce. Ya kai Luza inda aka yi harbin ya nuna mata ƙasa.

Ta shinshina, ta zagaya, ta ja igiya. Ba ta yi sauri ba. A bakin rafi ta rikice, ta yi sama ta yi ƙasa, Munji ya fara murmushi. Sai ta tsunduma ruwan, ta haura can gaba inda ba wanda ya zata, ta ci gaba. Lazhar na biye da ita a durƙushe, ƙaya na ja masa riga, maharbin da Munji na bayansa. Da suka kusa marmaro har ana jiyo muryar mata, Luza ta ja ta tsaya, gashin bayanta ya miƙe, ta saki wani haushi mai zurfi da Lazhar bai taɓa jin ta yi ba. Kurmin da ke gabansu ya motsa. Aladen ya yunƙuro, ta kauce gefe tana zagaya shi tana haushi, ya juya kanta, maharbin ya sami sarari ya gama da shi.

Matan suka hauro da tulunansu, Mabruka a cikinsu tana dogara sanda. Ta dubi hauren dabbar, ta dubi yayanta. Munji ya cire hularsa ya goge fuska ya ce, "Lazhar, ka ba amarya haƙuri."

Tun daga nan, in za a shirya fita, shugaban masu kora kan fara tambaya ko Luza za ta je. Ƙauyuka na nesa ma sukan aiko a ɗauke su a mota in dabba ta tsere da rauni. Lazhar ba mai yawan magana ba ne, amma in aka taɓo zancen karyar sai shayinsa ya huce a hannu.

A gida kuwa ba ta taɓa tsallaka dokin ƙofar ɗaki ba. Tana kwance a bakin murhun tsakar gida, kaji na tsallake ta. In Shadliya na gasa gurasa, ta farko da ta ɗan ƙone ta Luza ce, kuma Lazhar ya lura kullum sai an sami wadda ta ƙone. Da haure ya taɓa yankar karyar a kafaɗa, Shadliya ce ta yanka tsohuwar rigarsa ta ɗinka mata sulke mai kauri, tana ɗinki tana yi masa faɗa.

Shekarar da aka aurar da Naziha, Luza ta tsufa, bakinta ya yi fari, tana shayar da haihuwarta ta ƙarshe. Ana loda kayan amarya a mota, Naziha ta fito rungume da ɗan kwikwiyo a cikin mayafi. Gwaggon ango ta riƙe baki ta ce ita ba ta taɓa ganin amaryar da aka kai da kare ba.

"Hajiya, ki tambayi angon," in ji Naziha. "Shi ya roƙa tun kafin a sa rana."

Angon ya sunkuyar da kai yana dariya, mutane suka ɗauka. Lazhar ya karɓi kwikwiyon ya duba bakinsa da tafin ƙafarsa, ya gaya wa surukinsa abin da zai riƙa ba shi da lokacin da zai fara ja masa fata. Ya yi ta bayani har direba ya gaji ya danna ham, sannan Lazhar ya miƙa kwikwiyon ta taga, motar ta gangara da guɗa.