Karin da Baba Bai Sani Ba

Babana bai taɓa sauraron waƙata har ƙarshe ba. Da na kai baiti na biyu ko na uku sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ta karye," ya koma kan shayinsa. A unguwarmu Utaibiyya, can ƙasa mai tsarki, a farkon shekarun sittin, duk Bahaushen da ya rubuta waƙa wurinsa yake kawowa a auna masa, domin ya sha ilimin aruli tun a Kano kafin ya tako ta Cadi da Sudan. Karuruwan Larabawa goma sha shidan nan yakan gane su tun mutum bai rufe baki ba. Ni kuwa shekarata ashirin da biyar, ga shagon ɗinki, ga gemu, amma babban burina a duniya bai wuce in ji ya ce waƙata ta miƙe ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Akwai wani tsoho Ba'indiye da ya zo hajji ya ƙi komawa. Jallabiya ɗaya gare shi, kuma ni ke yi mata faci. Wata rana ina taka keke ina rera wata waƙar Baba, sai na ga tsohon yana buga gwiwarsa da yatsa.

"Wannan muna da shi," in ji shi da Larabcinsa na littafi. "Tafiyar maciji muke ce masa."

"Wane maciji, ya Hajji? Mutaƙarab ne."

Ya yi dariya har haƙoransa uku suka fito. Ashe malamin makaranta ne a ƙasarsu, kuma ya karanci Sanskirit, tsohon harshen waƙoƙinsu. Ya ce su ba sa wahalar da kansu. Kowane baiti ƙafa huɗu ne. Ka ɗauki ƙafa ɗaya ka ƙirga gaɓoɓinta, sannan ka duba wacce ce mai nauyi, wacce ce sassauƙa, sai sunan karin ya fito da kansa. In ka samu takwas, kada ma ka yi murna, wannan shi ne tuwonsu na kullum, ya cika littattafai. Mai goma sha ɗaya ke bi masa. Dogayen kuwa sai jefi-jefi, gwanaye ke taɓa su.

Na ce ya ba ni dogo. Ya buga mini wani mai gaɓa goma sha bakwai a kan teburin yanka: masu nauyi huɗu a jere, sai sassauƙa biyar a guje kamar akuya ta tsinke igiya, sannan ya koma tafiyar ƙasaita. Nan take shaiɗanin kaina ya motsa. Na san a arulin Baba babu inda sassauƙa biyar ke jeruwa.

Wata guda na yi ina fama. Na ɓata wuyan riga biyu, na ɗinka wa wani mutumin unguwar Rusaifa aljihu a baya. Tsohon yana zuwa yana ƙirga mini da yatsu, bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, amma da na yi zamba sai ya girgiza kai. A ƙarshe na samu baiti goma a kan tafiyar mahajjatan ƙasa, da ƙishirwa, da kaburburan da ake bari a gefen hanya. Na rubuta da ajami a tsohuwar takarda, na ɗiga mata shayi, na shanya a rana.

Ranar Juma'a bayan la'asar, dattawa sun cika zauren Baba, na miƙa masa.

"Baba, wani alhaji Basakkwace ya ba ni. Wai a kayan kakansa ya samu. Ya ce a tambaye ka karinta."

Ya gyara tabarau ya fara rerawa. Na zuba wa yatsan nan ido. Ya ɗago kaɗan, ya tsaya, ya koma. Baba ya karanta har ƙarshe, ya sake daga farko. Wani dattijo ya ce, "Malam, Basiɗi ne ko?" Baba ya ce masa, "Usbur, ya shehu, yi haƙuri." Na fita waje na yi dariya har da riƙe bango.

Kwana uku yana abu ɗaya. Ya sauko da littattafan da tun ina yaro ban ga an buɗe ba. Yana cin abinci yana buga akushi. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kai, wace takarda ka kawo wa ubanka? Jiya sau biyu ina kiransa bai ji ba." Na ce mata ilimi ne, ta ce ilimin ya ci gidansu.

Ran na huɗu ya sa aka kira ni daga shago, rana tsaka. Na tarar da dattawa uku a wurinsa.

"Ku shaida," in ji shi. "Ban san wannan kari ba. Ba ya cikin abin da aka koya mini. Amma na auna ƙafa arba'in, ko ɗaya ba ta karye ba. Wanda ya yi wannan gwani ne, kuma ya san hanyar nan, ya binne wani a kanta."

Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ce bai sani ba. Na yi zaton zan ji daɗi, sai na ji kunya ta rufe ni. Kafin in yi magana ya jawo takalmansa da sandarsa.

"Yalla, kai ni wurin Basakkwacen. Wataƙila ya ji yadda kakansa ke rera ta."

"Baba, rana ta yi zafi. Ga gwiwarka."

"Da wannan gwiwar na zo daga Kano. Mu je."

Muka fita. Ina gaba yana baya yana ɗingishi, ni kuwa ban san inda zan kai shi ba. Muka wuce mai burodi, muka wuce famfon unguwa, ina jin numfashinsa yana ƙaruwa. A kwana ta uku na kasa. Na juya na faɗa masa komai: Ba'indiyen, da shayin, da shanyar.

Ya daɗe yana kallona, gumi na bin gemunsa.

"Kai ka yi ta?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ka binne a hanya, kai da aka haifa a nan?"

"Yayata. Wadda kake ba mu labari, ta wajen Darfur."

Ya nemi dakalin wani gida da ke da 'yar inuwa ya zauna, ya jingine sandar. Na tsaya ina jiran faɗa. Sai ya miƙo mini hannunsa na dama, yatsu a buɗe.

"To, malam," ya ce. "Daga wane yatsa ake farawa?"