Tukunyar Jegon Gidanmu

Ni na kai su gidanmu da ƙafata, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Lokacin ina koyarwa a Wara, muna cikin Jihar Sakkwato. Malamai biyu suka zo daga wata jami'a suna bin bakin tafkin Kainji, suna tsintar tsingaro a kufai, suna neman wanda ke jin Turanci. Na yi caraf na ce ga ni. Har da yi musu alfaharin cewa Innata tana da tukunyar da ta girmi madatsar ruwan.

Tukunyar wankan jego ce, baƙa ƙirin, kakata ta gina ta a gungunmu, tsibirin da ruwa ya cinye. Ranar da aka tashe mu, Inna ta bar gadonta ta rungumo tukunyar cikin jirgi. A gidanmu duk wadda ta haihu da ita ake dafa mata ruwa, ranar suna kuma a karta zane ɗaya da wuƙa a bakin tukunyar. Zane na tara ni ne. Na bakwai yayana ne, ɗan farin Inna, wanda ya rasu yana wata huɗu. Kabarinsa yana ƙarƙashin tafki, hotonsa babu, zanen nan kaɗai ya rage mata.

Suka roƙi aro na wata biyu, wai za su auna su zana. Inna ta dube ni ta ce, "Ƙanwarka na da ciki hwa. Su maido min ita kahin ta sauka." Na ce mutanen ilimi ne, ba sa saɓa alkawari. Kai, na cika wawa!

Wata biyar shiru. Sai ga takardar gayyata zuwa taron ƙara wa juna sani. Na sa rigata ta Juma'a, na wuni a mota, ina murna zan dawo da kayan Inna.

Aka rufe tagogi, aka kunna majigi, sai ga tukunyarmu a bango. Da ƙyar na gane ta. Sun kankare baƙin hayaƙin shekaru, sun rubuta mata lamba da farin fenti. Babban malamin ya nuna zanen bakinta da sanda, ya ce ƙila lissafin watanni ne na masu bautar ruwa. Ɗalibai suka duƙa suna ta rubutawa. Bautar ruwa! Kakata, tsohuwar da ba ta taɓa barin azumin Litinin ba. Ga Inna da ranta a Wara, da bakinta, ba wanda ya tambaye ta.

Hoto na gaba ya fito, na ga giɓi a bakin. Malamin ya ce, hankalinsa kwance, sun yanke ɗan yanki da zarto sun aika ƙasar waje a gwada yumɓun. Na ƙirga daga kujerata. Shida, sai giɓi, sai takwas.

Na ɗaga hannu a fusace. Shugaban zaman ya ce a taƙaita, shayi na hucewa. Na ce ba watanni ba ne, haihuwa ce, na tara ma ga shi tsaye gabanku. Aka yi dariya, wani har da tafi. Malamin ya ce bayanin baka abu ne mai ban sha'awa, zai sa shi a ƙasan shafi. Ni kuwa, ɗan banza, na ce masa na gode, na zauna.

Tukunyar dai na ƙwace ta bayan taro, da rigima da sa hannu a takardu uku. A kan cinyata ta yi tafiya har Wara. Na tarar ƙanwata ta sauka da kwana uku, ana dafa mata ruwa a rabin duro.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta zauna ta bi bakin da yatsa tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, har yatsan ya faɗa giɓin.

"Ina sunka kai shi?" ta ce.

Na ce ƙasar Turawa, Inna.

"To. Ruwa sun ɗauke shi sau guda, kai ka ba da shi na biyu."

Ranar suna ta miƙa wa ƙanwata wuƙar, ta ce ta karta na jaririnta can nesa da giɓin.