Yadda Yaya Ya Koma Ɗan Amshi

Yayan maigidana mawaƙi ne. Ya daɗe yana waƙa, har mutanen da suka fara sauraronsa rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma kunnensu ya yi nauyi. Ranar da aka kawo ni gidan nan na Tudun Wada, hotonsa na fara gani a ɗakin surukata: wando fantalo, gashi tuli a ka kamar an kifa masa kwando, jita a rataye a wuya, ya lumshe ido kamar mai ciwon haƙori. Waƙoƙin bege yake yi, masu sanyi, irin waɗanda yake kama kalma ɗaya ya yi ta ja, mace ta gama tsince shinkafa bai sake ta ba. Ba zan ci haƙƙinsa ba, a lokacin yana da murya. Ni kaina na sha tsayar da daka in saurari kaset ɗinsa, in goge ido da bakin zane in ce hayaƙi ne.

Amma akwai abu ɗaya da ya saba da shi tun yana saurayi. Duk da jitarsa da fiyanonsa, bai taɓa tsayuwa waƙa ba sai da 'yan amshi a bayansa, maza sanye da riguna iri ɗaya, aikinsu kawai duk abin da ya faɗa su ce, "Haka na." Ya ce zuciyarsa ta ƙone, haka na. Ya ce ta warke, haka na. Maigidana ya rantse mini cewa a wani biki Yaya ya sarƙe da goro ya yi tari, suka amsa masa. Wannan sabon ya bi shi har gida. In yana magana a zaure, ƙannensa ba sa sa baki, amshi suke yi.

Shekaru suka ja, gashin ya tafi, kaset ya tafi, 'yan amshin suka watse, ɗaya yana sayar da albasa, ɗaya ya zama ladan. Sai wata rana Yaya ya shigo gidanmu da babbar riga da ƙamshin turare, ya zauna a kujerar maigidana, maigidan kuma ya sauka kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi.

"Albam za ni yi," in ji shi. "Duk waƙoƙina na da za a tara wuri guda, kowace ɗaya ni da wani mawaƙi, bibbiyu. Haka manya ka yi yanzu. Ta ƙarshe kuwa da autarku nika son yin ta. Na ji ta rannan tana wanki."

Autata ta gama makarantar koyon aikin jinya, amma ba allura ce a ranta ba, waƙa ce. Tana yi a bakin famfo, tana yi a walimar ƙawayenta cikin mata, baitocin ma ita take tsara abinta a ka. Mahaifinta kuma ya ce ɗiyarsa ba za ta riƙe abin magana a gaban jama'a ba, gidan nan mawaƙi ɗaya ya ishe shi jarabawa. Wannan maganar ba a gaban Yaya yake yin ta ba.

"Yaya, waƙa hwa? Ɗiya mace?" in ji maigidana a hankali.

"Ni ba ubanta na ba?"

"Kai na."

"To."

Da Yaya ya fita, sai maigidana ya samu bakinsa. Ya nuna auta da yatsa, ya nuna ni. "Sau guda. Don Yaya na. Kuma ke, ƙahwarki ƙahwarta. Daga wagga kar in sake jin zancen waƙa cikin gidan ga."

Auta ta fahimci abin da ke gabanta. Ƙofa ɗaya aka buɗe mata, kuma ana riƙe da marfin. In aka ji muryarta a wannan waƙar, an ji. In ba a ji ba, sai dai famfo ya ci gaba da saurare. Ta yi makonni tana gyara baitocinta, ta daina shan ruwan sanyi a cikin zafin Sakkwato, abin da ko likita bai isa ya sa ta ba.

Sutudiyon yana Runjin Sambo, a saman wani shagon tayil. Ɗaki ne ƙarami an manne bangonsa da kwalayen ƙwai da tsohon kafet, ba taga, an raba shi biyu da gilashi. In za a ɗauki murya sai a kashe fanka, kowa ya dahu a inda yake zaune. Mai wurin wani bawan Allah ne mai furfura jifa-jifa a gemu, wadda nake kyautata zaton rabinta a kan aikin Yaya ta fito.

Da yake tamu ce ta ƙarshe, mun tarar da ragowar waɗanda suka riga mu. Wani matashi mai yagaggen wando, irin masu zuba waƙa da sauri kamar ana koro su, yana zaune a matakala ya dafe kai. An ce da baitoci cike da baki ya zo, abin da ya rage masa a waƙar shi ne "gaskiya ta, Baba." Muna shiga kuma wata mawaƙiyar biki mai haƙorin Makka tana fitowa, mayafi yana jan ƙasa.

"Alhaji, ni da motata niz zo!" take cewa. "In amshi kaka so, ka aika a kira maka mai albasa!"

Yaya ya dube mu ya girgiza kai. "Ba su da tarbiyya. An sa su cikin tarihi suna hushi."

Aka shigar da auta bayan gilashi kusa da Yaya, aka sa mata abin ji a kunne. Ni aka ba ni kujerar roba kusa da mai sutudiyo, na rungume fulas ɗin shayin citta da zuma da na dafo wa Yaya saboda maƙogwaro. Kiɗa ya tashi. Waƙar wata ce da na sani tun ina amarya, ta mai jiran matafiyi. Yaya ya yi baitin farko. Wurin auta ya zo, ta ja numfashi, ta buɗe baki, sai Yaya ya shiga baiti na biyu. Ta rufe bakin. Ya gama, ta sake buɗewa, ya shiga na uku. Da ya kai ƙarshe ya miƙa mata tafin hannu kamar mai ba da sadaka, ita kuma ta ce, can ƙasa, "Haka na, Baffa."

Mai sutudiyo ya danna wani abu. "Baba, a yi haƙuri. Nan wurinta na. Waƙar mutum biyu ta, kai baiti, ita baiti."

"Ai tana ciki. Ba ka ji ta ba?"

"Na ji, amma…"

"Kai, tun ba a haihe ka ba nika waƙa. Sake kiɗi."

Aka sake. Abin da ya fi ba ni tausayi, muryar ba ta kai inda yake aika ta. Ya kama kalmar nan da yake ja a da, ya kai rabi numfashi ya ƙare, ya ƙarasa da hannu. Jijiyar wuyansa ta tashi, zufa ta jiƙa hula. Duk da haka bai yarda ya saki ko layi ɗaya ba. Aka yi ta maimaitawa har aka kira la'asar. Auta ta dube ni ta cikin gilashi, idonta ya cika. Ba za ta iya cewa Baffanta ya matsa ba, ni na yi mata wannan tarbiyyar, kuma a ranar na so a ce ban ƙware haka ba.

Bayan salla Yaya ya zauna a kan dadduma yana fifita da hula. Na matsa na durƙusa, na zuba masa shayi. Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Shekarun da na yi a cikin zuri'ar nan sun koya mini cewa mazansu ba sa jin magana in ta zo ta gaba, sai an zagayo da ita ta bayan gida an ajiye musu, su tsinta su ce tasu ce.

"Yaya, in yi tambaya? Ni ban san waƙa ba."

"Yi, uwar auta. Mu aka tambaya."

"Ranar ɗaurin auren babbar ɗiyarmu, da kai ad da walicci. Liman ya yi dogon jawabi, maroƙi ya yi ta ihu har muryatai ta dushe. Amma da maza sunka shigo, ba wanda yat tuna abin da sunka ce. Abin da aka ta hwaɗi cikin gida, wai Yaya bai ce komi ba sai 'na ba da,' wuri yay yi tsit."

Ya gyara zama. "An yi haka."

"Shi na nika mamaki. Ƙaƙa babba ka yin magana kaɗan ta hi ta kowa nauyi? Ko hakimi na gani, wasu ka ta bayani gabanai, shi dai shi ce madalla, magana ta ƙare. Yaran ga kuwa sai su cika waƙa da surutu, don tsoron kar a mance da su."

"Tsoro na," in ji shi. "Ba su da tushe."

Na ƙara masa shayi, na sunkuyar da kai sosai. "Ni dai bakin mutane nika tsoro, Yaya. Ka san Sakkwatawa. Kar wani marar kunya shi ji, shi ce wai kana tseren baiti da ɗiyar cikinka."

Ya shanye shayin har da guntun cittar da ta faɗa ciki. Mai sutudiyo ya duƙufa a kan na'urarsa yana goge wurin da ba ƙura.

Can Yaya ya miƙe ya saɓa riga. "Kai, mai na'ura! Na canza shawara. Wagga waƙa salonta daban na. Yarinya ta yi ta zuba baitocinta, ni in riƙa sa mata albarka daga sama. Ku yaran yanzu ba ku san wanga salo ba."

"Wallahi ba mu san shi ba, Baba," in ji mai sutudiyo, da saurin da ya kusa tona mu.

Aka kashe fanka. Auta ta fara a ɗarare, tana satar kallon Baffanta ko zai faɗo mata. Bai faɗo ba, ya harɗe hannu a ƙirji ya ɗaga haɓa, yana aikin girma. Da ta ga hanya a buɗe sai ta saki muryar. Ni da na haife ta ban san tana da wannan a ciki ba. Ta yi baitin mai jira da take share ƙofar gida kullum ko da baƙo bai zo ba, ta kai ƙarshe ta tsaya. Yaya ya matso ga abin magana, ya ce a hankali, da muryar ƙasa, "Haka na, ɗiyata."

Ashe muryar tana nan, wahalar da ita kawai yake yi. Da aka bar ta da abin da za ta iya ɗauka, sai ga mutumin da ya sa ni tsayar da daka. Mai sutudiyo ya cire hula ya ajiye a gwiwa, bai tsayar da su ba har ƙarshe.

Albam ya fito bayan ƙaramar salla. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a hankali nake bin baƙi, amma na bi kwalin nan daga sama har ƙasa. Sunan Yaya ya cinye rabi. A hoto an mayar masa da gashinsa, an goge masa fuska sumul kamar an bi ta da dutsen guga, har surukata da tana raye sai ta tambayi ɗan wa ne. Sauran mawaƙan an jera su a ƙasa ƙanana-ƙanana kamar maɓallan riga. Auta ce maɓalli na ƙarshe.

Sai dai mutane ba kwali suke saurare ba. Masu tura waƙa a waya suka gane wadda ake tambaya. In na hau keke a Sama Road ita ce, gidan biki ita ce, mai shayi ita ce. Sauran waƙoƙin, waɗanda Yaya ya yi kokawa da numfashinsa shi kaɗai ana ce masa gaskiya ta, ban taɓa jin wani ya kai ƙarshen ɗaya ba. Wata safiya ina tankaɗe na ji shi a rediyo yana bayani cewa wannan salon ya daɗe yana ajiye da shi, jira yake duniya ta isa fahimtarsa. Na ce madalla, na ci gaba da tankaɗe.

A kasuwa kuwa maƙwabtan rumfar yadin maigidana sun dame shi da waƙar, wani ma ya sa ta a matsayin ƙarar kira. Mata suka fara aiko mini ko auta za ta zo musu walima. Da na gwada taɓo zancen, ya ajiye cokali.

"Sau guda nic ce."

Auta ta tashi ta shige ɗaki. Kwanaki bayan nan ko a bakin famfo ba ta waƙa, sai ƙarar ruwa a bokiti.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Yaya ya shigo da sabuwar babbar riga, ya zauna a kujerar, maigidana ya sauka kan tabarma. Na kawo fura na koma bakin ƙofa na durƙusa. Ina jin motsin auta a bayan labule.

"Jama'a sun matsa mini," in ji Yaya. "Na biyu za ni yi. Wanga karo ba ni son tarkace, ni da ɗiyata kaɗai, kowace waƙa da salon nan nawa. Kuma an gayyace ni wurare, da ita za ni, uwatta na biye. Ko kana da magana?"

Maigidana ya dubi labule. Ya dube ni, ni kuma na dubi ludayi. Ya buɗe baki ya ja numfashi, irin jan da auta ta yi a bayan gilashi, sai Yaya ya miƙa masa tafin hannu.

"Haka na, Yaya," in ji shi.

Kafin Yaya ya shanye furar, an kunna famfo a tsakar gida, kuma ba ƙarar ruwa kaɗai ake ji ba.