Rantsuwar da Ba Wanda Ya Nema

A shekarun da rediyo ke ta maganar ficewar Ingila daga ƙungiyar maƙwabtanta, mu ma aka raba sitonmu na kayan mota a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa. Alhajina da abokin kasuwancinsa suka ɓata, aka ja katangar kwano a tsakiya. Mu biyu ne masu gadi. Ni na faɗo ɓangaren Alhaji, abokin aikina, wani Kirista ɗan Jos, ya faɗa wancan.

Alhaji ya ce kada wanda ya kai musu labarinmu. Kowa cikin ma'aikata ya ce to. Ni kaɗai na ɗaga murya na rantse ba zan ƙara ce musu uffan ba, alhali ba wanda ya sa ni.

Daga baya na ji Turawan nan suna zama kan yadda 'yan sandansu za su ci gaba da sanar da juna labarin masu laifi duk da rabuwar. Na ce a raina, su ai ba su rantse ba.

Wata rana da azahar na hango wani mutum da ya taɓa zuwa mana da sunan dillali, ya so ya kwashe mana injina. Ga shi nan yana shiga wancan ɓangaren da motar ɗaukar kaya. In na yi magana, na karya rantsuwa, wataƙila Alhaji ya kore ni, bizata kuwa a hannunsa take. In na yi shiru, da ni aka yi satar.

Na yi tari. Na buga kwanon da sanda. Ɗan Jos ya leƙo ta sama.

"Malam, aljanu ne ko ciwon ciki?"

Na yi ta nuna motar da haɓa, har ya ce zai kira mini likita. Sai na faɗa masa da baki.

"Shi ne kake ta rawa? Ai an riga an kira 'yan sanda."

Na tafi wurin Alhaji, na ce na saɓa. Bai ko ɗago daga wayarsa ba.

"Ni na kira abokin kasuwancin nawa tun mutumin yana bakin layi. Jari muka raba, ɓarayin kuwa namu ne tare. Khalas, shi ke nan, koma bakin ƙofa."

Aikina ya tsira. Rantsuwar kuwa tawa ce ni kaɗai, don haka na yi azumin kaffara cikin zafin Yuli, ɗan Jos yana shan ruwan sanyi a bayan kwano, yana tambayata ko ya ajiye mini.